Kyautar da ta Rage wa Dije Gona

Zuwa ga 'yata Uwani, sabuwar malamar aji huɗu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina kuma gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwarsa, tunda sunan mahaifiyata kika ci, bakina ba ya iya kiran sunanki na yanka. A ƙasan akwatinki na cusa wannan takarda, ƙarƙashin zannuwa, don kada ki gan ta sai kin sauka Chinade. Allah ya sa ɗan acaɓa ya kai ki lafiya, ke da akwatin duka. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya, da sharrin baki, da sharrin masu wayo irin ubanki.

Bari in fara da yabon boko, don wallahi boko ya yi. Shekara uku muka tura ki kwaleji, kika sha karatu har kika rame, kika dawo mana da babban labari: wai biyu bisa huɗu daidai yake da rabi. Allahu Akbar! Ashe tsofaffin matan nan masu daddawa a kasuwar Azare sun daɗe da zama malamai, takarda ce kawai ba a ba su ba. Na kuma leƙa littafin da kike shirya darasi a ciki, na ga abin sha'awa. Lemo a zane, kewayayye sumul kamar wata daren sha huɗu, an tsaga shi huɗu cif, kowane tsagi da launinsa. A littafinki babu wanda rabonsa ya faɗa kan ruɓaɓɓen gefe. Babu mai wuƙa da ke da ƙani a cikin masu jira. Kowa ya karɓi nasa, ba harara, ba Allah ya isa. Na ce kai, wannan duniya ta cikin littafi ina ma a nan aka haife ni.

To na gama dariyar. Wannan lissafi na bisa-bisa da nake yi wa ba'a, shi ne ya shiga tsakanina da Goggonki Dije shekara ashirin da ɗaya, kuma gidanta za ki zauna, jikokinta za ki koyar. Gara ki ji daga bakina kafin wani ɗan aji huɗu ya lissafa miki ni a kan allo. Amma sai na ɗauko miki daga tushe, don ɓarna ba ta faɗowa daga sama, shuka ta ake yi.

Ni ma na yi aji huɗu, kada ki ga ina auna gero ki ɗauka a rumfa aka haife ni. Malaminmu na lissafi muna ce masa Malam Dogo. Mutum ne mai tsabta, mai kyawun rubutu, mai saurin hannu da tsumagiya. Zai juya mana baya ya cika allo da lambobi, wata kan wata da sanda a tsakani, sannan ya juyo ya ce, "Kun gane?" Mu kuma mu ce, "Mun gane, Malam!" Muryata ta fi ta kowa. Ni ne yaron da ake nunawa, don a lissafin da ake yi da ka ba mai kamo ni, tun ina ƙarami nake zama gefen mahaifina a rumfar hatsi. Yaron da aka saba tafa wa, ya zai ɗaga hannu ya ce bai gane ba?

Ran da aka ba mu rabi a tara da rubu'i, na dubi abin na ce wannan ai sadaka ce. Na haɗa na sama da na sama, na haɗa na ƙasa da na ƙasa, na sami biyu bisa shida, na riga kowa kai littafi. Malam Dogo ya zabga min jan biro, ya zabga min tsumagiya uku, ya ce, "Zauna, sarkin gaggawa." Bai tambaye ni ta ina na bi ba. Ni ma ban tambaye shi ina ne hanyar ba. Abin da na koya a ranar shi ne in riƙa zama kusa da wani Habu mai shiru-shiru ina kwafar nasa. Da haka na haye aji biyar, daga nan na ce kasuwa ta fi, na ajiye littafi. Na fito da kuskurena cikakke, ba a taɓa shi ba, sai dai an koya masa ɓuya.

Saboda haka, Uwani, in kika ce "Kun gane?" aji ya amsa da murya ɗaya, ki sani ba a gaya miki komai ba. Kwaɗi ma da murya ɗaya suke amsawa. Kada ki ɓata lokacinki duka kan mai shirun da ke ƙarshen benci, shi sau da yawa tsoro ne kawai ke damunsa. Ki nemi mai bakin nan, mai ɗaga hannu tun ba ki gama tambaya ba, wanda iyayensa ke cewa ai wane wuta ne. Ki kira shi gaba, ki miƙa masa kara ki ce ya karya miki sulusi. In ya kuskure, kafin hannunki ya kai ga bulala ki ce masa, "Ta ina ka bi?" Duka yana korar amsar banza daga littafi, amma tana komawa cikin kai ta yi kwanciyarta, ta jira ranar da yaron zai girma a ba shi igiyar rabon gona.

Kuskurena na biyu a gaban jama'a na yi shi, har ya bar min suna. Kin sha jin tsofaffin rumfa suna ce min Biyu-Biyu, kin taɓa tambayata na ce miki don ina auna mudu biyu-biyu ne. Ƙarya na yi miki. Ga asalinsa.

Shekarar da na auri mahaifiyarki, Allah ya ji ƙanta, muka yi watanda da ƙaramar Salla. Kin san yadda ake yi: a haɗu a sayi sa, a yanka, a kasa naman kashi-kashi daidai, kowa ya ɗauki gwargwadon abin da ya shiga da shi. Kashi goma sha biyu aka tsara. Ni ango, ina son a san na iso, na ce kashi biyu nake so. Sai aka yi dace duk mu shida da muka shiga kowa biyu ya ɗauka. Mahaucin wani abokina ne, Ɗan-Misau muke ce masa. Da ya ga haka sai ya ce me zai wahalar da kansa da tsibi goma sha biyu? Ya kasa shida manya-manya a kan buhunan da aka shimfiɗa, kowa ya ɗauki ɗaya.

Na zo a makare, da sabuwar hula. Na duba na ga tsibi ɗaya ake nuna min.

Na ce, "Ɗan-Misau, ina ɗayan?"

Ya ce, "Wane ɗayan, ango? Naka ke nan, sudusin sa."

Na ce, "Ni za ka yi wa Larabci? Da biyu na shiga, ka mayar da ni ɗaya? In Misau haka kuke yi, nan Azare ne."

Idona fa ya riga ya ga tsibin nan ya kai biyu. Tun kafin in rufe baki na gane. Amma magana ta fita, mutane sun taru, ga hula sabuwa. Sai na ƙara murya, na ce a kira dattawa, na ce mahauci dai mahauci ne ko ya je Makka. Ɗan-Misau ya goge wuƙarsa a gefen wando, ya durƙusa, ya raba tsibin nawa gida biyu, ya tura rabi nan rabi can, ya miƙe ya ce, "Ga biyunka, ango. Ko in ƙara yanka maka su zama huɗu, amarya ta ce ka fi kowa?"

Har mai riƙe da ƙafar sa sai da ya zauna don dariya. Kafin la'asar sunan ya zaga kasuwa. Ɗan-Misau kuwa bai sake sa ni a watandarsa ba har ya bar duniya, ba don dariyar ba, don maganar da na yaɓa wa sana'ar ubansa.

To ga darasinki na biyu bisa sha biyu daidai da ɗaya bisa shida, na biya kuɗin makarantarsa da mutuncina. Nama ɗaya ne, wuƙa ce ta ƙara wucewa. Ki koya wa yaran nan su riƙa tambayar girman tsibi kafin su tambayi yawansa. Duk wanda ya zo musu da "na ba ka biyu", su ce masa, "Biyu daga cikin nawa?" Wallahi rabin cutar da ake yi a kasuwa a cikin rashin wannan tambaya take. Ki riƙe wannan labari da kyau, don zai dawo, kuma in ya dawo ba dariya zai ba ki ba.

Kin san sana'ata. Shekara talatin da wani abu ina awo. Ba zan yi miki rantsuwar cewa mudun da nake saye da shi da wanda nake sayarwa da shi tagwaye ne ba, Allah ya yafe mana. Na san yadda ake kewaya bakin mudu da hannu in kai ne mai saye, na san yadda ake janye hannun in kai ne mai sayarwa. Amma duk iya shegena ban taɓa zuba mudu ɗaya da gwangwanin madara ɗaya in ce wa mutum ga biyu ba. Biyun me? Ko yaron goye ya san sai an mayar da su ma'auni ɗaya: mudun nan gwangwani nawa ne, sannan a tara. Abin da littafinki ke nufi ke nan da a daidaita na ƙasa kafin a haɗa na sama. Na ƙasa shi ne kwanon awo. Ba a tara kwano da kwano, abin da ke cikinsu ake tarawa. Hannuna ya san wannan tun ina shekara goma. Ki lura da kyau, hannuna ya sani.

Yanzu ga Goggonki.

Mu biyu iyayenmu suka bari, ni da ƙanwata Dije, da gona ɗaya a Chinade, wadda kika sani, mai tsamiya a tsakiya. Rabon bai da wuya: namiji kashi biyu, mace ɗaya. Sulusin gona nata ne, halak malak. Ba mu sa igiya ba a lokacin, na ce a bar ta haɗe, in an yi girbi a riƙa ba ta dami ɗaya cikin kowane uku. Ta ce, "Yadda ka gani, Yaya."

Kina wata bakwai mahaifiyarki ta rasu. Ranar sadakar uku Dije ta ɗauke ki daga hannun maƙwabta, tana da nata jaririn a baya, ta ce, "A ba ni ita, nono biyu Allah ya ba ni." Ba ta shawarci mijinta ba, ba ta tambaye ni ko zan riƙa aiko da wani abu ba. Ta shayar da ke, ta yaye ki, ta yi jinyar ƙyandarki, har kika shekara uku. Ni ina Azare ina awo, in na je ganinki ki ɓuya a bayan zaninta.

Da na sake aure na je ɗaukar ki. Kuka kike, ita ma ta juya baya tana gyara murhun da ba abin da ya same shi. Abin ya taɓa ni, don a lokacin da sauran zuciya a ƙirjina. Na tsaya a tsakar gidan, gaban mijinta Malam Buba da Baffa Sani ƙanin mahaifinmu, na ce, "Ku shaida, na ƙara wa Dije sudusin gonar nan a kan sulusinta, kyauta, saboda abin da ta yi wa marainiyar nan." Da gaske nake, Allah ne shaida. Na zaɓi sudusi ne don kalmar ta zauna min tun ranar watanda, kuma tana da daɗin faɗa a gaban mutane.

Baffa Sani ya ce to a kira malam ya raba, a dasa gamba a kan iyaka, a huta. Na ce, "Haba Baffa, malam na mene ne, ga ni da boko?"

Muka fita gona da igiya, da hantsi. Na tsuguna ƙarƙashin tsamiya na zaro biro da takardar siminti. Ɗaya bisa uku a tara da ɗaya bisa shida. Na sama da na sama, biyu. Na ƙasa da na ƙasa, tara. Biyu bisa tara. Hanyar nan dai ta aji huɗu, tana nan inda tsumagiyar Malam Dogo ta bar ta. Muka ja igiya muka tsaga gona tara, na auna wa Dije biyu daga gabas.

Uwani, zan gaya miki gaskiyar da ban taɓa gaya wa ko matashin kaina ba. Kuskuren nan na gaskiya ne na tsawon numfashi ɗaya. Ina ɗaga kai na dubi filin da aka zagaye mata, idon mai awo ya gaya min wannan bai kai ko sulusin da take da shi tun farko ba. In gona ta kasu tara, sulusi ai uku ne. Na yi mata ƙari, ta tashi daga uku ta koma biyu. Na gani sarai. Sai wani abu a cikina ya ce, to ai ba kai ka faɗa ba, takarda ce ta faɗa. Na dubi sauran bakwai ɗin, jar ƙasa mai kyau, ga sabuwar amarya, ga rumfa tana son jari. Na ninke takarda na sa a aljihu.

Dije ta ce, "Yaya, kamar ya yi kaɗan."

Kin san abin da na ce mata? Na ce, "Da kashi nawa gare ki?" Ta ce ɗaya. Na ce, "Yanzu fa?" Ta ce biyu. Na ce, "To ɗaya da biyu wanne ya fi?"

Wuƙar Ɗan-Misau ke nan na ɗauka na yanki 'yar'uwata da ita. Abin da aka yi min dariya a kansa a gaban kasuwa, na san shi ciki da waje, shi na juya na yi mata. Don haka kada ki ce Baba bai sani ba ne. Wanda aka taɓa yi wa dariyar biyu ba ya sake jahiltar biyu.

Baffa Sani kunnensa ya yi nauyi, idonsa ma haka, ya ji an ce biyu ya ce madalla. Malam Buba kuwa Bafillace ne, mutumin da ke duban garke sau ɗaya ya ce saniya kaza ba ta nan. Ya taka filin daga wannan gefe zuwa wancan, sandarsa a wuya, ya dawo. Kunyar suruki ta riƙe masa baki, kada a ce yana kwaɗayin gadon matarsa. Ya ce, "Boɗɗum, ya yi," ya kama dasa gamba. Dije ta dube ni ta ce, "Allah ya saka da alheri, Yaya. Kyautarka ta rage min aikin noma."

Daga ranar ba ta sake tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Ba ta kai ni gaban alƙali ba, ba ta kai ni gaban dagaci ba. Abin da ta yi kawai, ta daina shiga gidana. In an yi rasuwa ko suna ta zo ta tsaya a zaure, ta yi gaisuwa, ta sa a kira ki ta shafa kanki, ta ba ki ƙuli-ƙuli, ta hau acaɓa ta koma. Kin sha tambayata me ya sa Goggo ba ta kwana, ina ce miki ba ta son barin dabbobinta. Hausawa sun ce ɗan'uwa rabin jiki ne. Ni na mayar da tawa biyu bisa tara, na kuma zauna lafiya, na yi ƙiba, har ana sa ni sasanta rigimar awo a kasuwa.

Shawarar da ke nan gajeriya ce. Ki ji tsoron kuskuren da ya faɗo ta gefenki. In kika yi lissafi ya nuna ke ce da riba, ki sake shi sau biyu, ki ba maƙiyinki ya duba. Kuma ki koya wa yara su riƙa duban amsa da ido kafin su ja mata layi: wanda aka yi wa ƙari ba ya komawa ƙasa da inda yake. Yaron da ya san wannan kaɗai, ko bai iya komai ba, ba za a yi masa irin kyautata ba. Musamman 'yan matan ajinki. Su ne za a tsaya a kansu wata rana da biro da takardar siminti, a ce musu ga abin da lissafi ya bayar. Ki sa kowace ta iya cewa, "Yaya, miƙo takardar in gani."

Da na so in mutu da abin nan a cikina. Ke kika hana. Ranar Juma'ar nan da kika tara yaran unguwa a zaure kina gwajin koyarwa, ina daga ciki ina cin abinci. Kin sayo rake mai gaɓa shida. Na ji kin ce, "Sulusin raken nan gaɓa nawa ne?" Suka ce biyu. "Sudusinsa fa?" Suka ce ɗaya. "In an haɗa?" Suka ce uku. "Uku cikin shida mene ne?" Wata 'yar ƙaramar murya, ina jin 'yar gidan mai gyaran keke ce, ta ce, "Rabi, Anti!" Na tsame hannuna daga kwanon tuwo.

Da kika shigo na ce miki, kamar da wasa, "Malama, in wani ya ce amsar biyu bisa tara ce fa?" Kika yi dariya har da riƙe ciki, kika ce, "Kai Baba! Wannan ai sai dai in ɓarawo ne ko jaki." Na taya ki dariya. Na ce a raina, yarinya ta ba ni zaɓi, kuma na san ba jaki ba ne ni.

Washegari a rumfa, da kasuwa ta lafa, na ɗebi wake na yi abin da ya kamata in yi shekara ashirin da ɗaya da suka wuce. Na nemi ma'aunin da zai ɗauki tara ya ɗauki rabi, na kasa tsibi goma sha takwas a kan faifai. Rabin gona, haƙƙin Dije, tsibi tara. Abin da na ba ta, biyu bisa tara, tsibi huɗu. A debe huɗu daga tara, saura biyar. Biyar bisa goma sha takwas na gonar ubanmu ke hannuna ba nawa ba: biyu daga gadon da Allah ya yanka mata, uku daga kyautar da na yi da bakina gaban shaidu. Kin ga na iya debewa ma. Ashe ban taɓa kasa lissafin ba sai ranar da kasawar ta biya ni. Maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Biyu-Biyu, yau kuma duba ka koma?" Na ce masa e, kuma abin da na gani ba kyau.

Sauran abin da ban so in rubuta ba. Gero da waken da biyar ɗin nan suka bayar damina ashirin da ɗaya, ba rami na haƙa na binne su ba. Su ne littattafanki, su ne kayan makarantarki, su ne kwalejin nan da na buɗe takarda da yi wa ba'a. Matar da ta ba ki nono ita ta biya karatunki, ba ta sani ba, ko kuma ta sani, wanda ya fi muni. Ba laifinki ba ne ko na ƙwayar gero. Amma in kin zauna cin tuwonta ki san a gidan wa kike, kada ki shiga mata da kafaɗar 'yar birni mai takarda. In ta aike ki ki tashi da gudu. In ta yi faɗa ki sunkuyar da kai. In kin karɓi albashi ta riga ni gani.

Da labari ya je mata cewa Chinade aka tura ki, kin ji saƙon da ta aiko: ɗakinki na nan, a turo mata 'yarta. Wannan rabin saƙon ne, shi na faɗa miki. Ragowar, da mai kawo saƙon ya faɗa min yana murmushi don bai san me yake ɗauke da shi ba, ita ce: "Ka ce wa Yaya kada ya wahalar da kansa da wata kyauta a wannan karon."

Na so in sa ki dillanci, ki shafa mata maganar a hankali, ki ji min inda farashi ya tsaya. Halin kasuwa ba ya barin mutum. Na fasa. Ba ke kika ja igiya ba, ba ke za ki ɗauki kunyar ba. Kada ki ce mata komai. Da zarar an yanke gero an kwashe dami, Juma'ar farko, zan zo da kaina, da igiya, da malamin da na ce ba a bukata. Baffa Sani ya rasu, Malam Buba yana nan, zai ga an tumɓuke gambar da ya dasa yana shiru. Ƙasa za ta koma. Damina ashirin da ɗaya kuwa ban san igiyar da ke auna su ba, sai abin da Dije ta ce, in ma ta yarda ta dube ni.

Na gaya miki ne don in toshe wa kaina hanyar gudu. Na san halina. In ni kaɗai na sani, kafin kaka zan samo dalili goma masu kyau, har da na addini. Amma yanzu akwai malama a Chinade da ta san amsar. In Juma'ar ta wuce ba ki ga ƙurar acaɓana ba, kin san wanne ne ubanki cikin biyun nan da kika lissafa.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki gaida hedimasta da ladabi amma kada ki yarda ya mayar da ke mai dafa masa shayi. Ki tafasa ruwa kafin cikinki ya saba da rijiyarsu. Ki riƙa sayen rake, ya fi lemon littafi, kuma in an gama darasi a raba wa yara daidai, kina kallon hannun mai rabon. Ƙannenki suna gaishe ki. Ki gaida Malam Buba. Ki gaida Goggonki, gaisuwa kawai, kada ki ƙara mata komai a kai, ta gaji da ƙarina.

Allah ya tsare ki a tafiya da zama, ya sa ki gama da yaran mutane lafiya, ya ba ki ɗalibai masu cewa ba su gane ba. Allah ya ji ƙan mahaifiyarki, ya saka wa wadda ta maye gurbinta. Ni kuma ki roƙa min Allah ya kai ni kaka da rai, don ban son a yi wannan awon a inda ba a karɓar gona.

Wassalam. Mahaifinki,
Isa mai awo, wanda ake ce wa Biyu-Biyu.

Af, na manta, ga aikin gida, malama, tunda kin iya debewa. Mutum ne guda cikakke, 'yarsa na ganin girmansa. A debe wayo, a debe abin Dije. Kashi nawa ya rage da za ki riƙa ce wa Baba?